Tambaya da Amsa: Yawon Yini Guda a Gonakin Inabi na Cape

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun shafi abu ɗaya, wato fitar yini guda da kamfanonin yawon buɗe ido na birnin Cape Town, a Afirka ta Kudu, suke shirya wa baƙi zuwa yankin gonakin inabi, inda ake ɗanɗana giya, a ci abincin rana, a komo da yamma. Yawancin masu tambayar taro ne ko karatu ko kasuwanci zai kai su birnin, sai suka tarar an saka wannan fita a cikin jadawalinsu. Mun taƙaita wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne, kuma zan halarci wani taro a Cape Town a watan Fabrairu. A takardar gayyata an ce ranar ƙarshe za a kai mu gonakin inabi tun safe har yamma tare da ɗan jagora. Ina so in san abin da ake yi daga farko zuwa ƙarshe kafin in ce zan je ko ba zan je ba. Daga wani malami a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Tsarin fitar kusan ɗaya ne ko wane kamfani ya shirya ta. Ƙaramar bas za ta zo ta ɗauke ku a otal wajen ƙarfe takwas da rabi ko tara na safe, ta maido ku tsakanin biyar da shida na yamma, kuma galibi direban shi ne ɗan jagoran. Garuruwa uku ake zagayawa: Stellenbosch, mai nisan kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town, da Paarl mai nisan kimanin kilomita 60, da Franschhoek da ke can ƙarshen wani kwari mai nisan kimanin kilomita 75. A tsakaninsu akan tsaya a gonaki uku ko huɗu.

A gona ta farko aka fi kai baƙi su ga inda ake sarrafa inabin, kuma ka yi dace da lokaci, domin daga ƙarshen Janairu zuwa Maris ake girbi a can. Za ka ga tarakta tana jawo akwatunan inabi tun da sanyin safiya, a zuba su a injin da ke raba 'ya'yan da karan, a matse, sannan a tura ruwan cikin manyan tankunan ƙarfe inda yis yake cinye sukarin ya mayar da shi barasa. Jar giya tare da ɓawon ake tsima ta, daga nan take samun launinta, ita kuwa fara ana raba ruwan da ɓawon tun da wuri. Daga nan za a shigar da ku ɗaki mai sanyi da duhu inda aka jera gangunan itacen oak, waɗanda aka fi sani da su masu cin lita 225, giyar ta yi watanni ko fiye da shekara a ciki. Warin ɗakin yana da ƙarfi, wanda bai saba ba yakan ji shi har maƙogwaro tun daga bakin ƙofa.

Sai kuma ɗanɗanon, wanda shi ne ginshiƙin fitar. Ana zaunar da ku a dogon tebur, a jera wa kowa kofunan gilashi masu dogon wuya, ma'aikacin gonar ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan, abin da bai wuce kauri na yatsu biyu ba, daga kwalabe biyar ko shida. Da fara ake somawa, a koma ja, a ƙare da mai zaƙi. Mai ɗanɗano yakan riƙe kofin ta wuya, ya ɗaga shi ya dubi launin, ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa ya zagaya da shi a baki, sannan ko ya haɗiye ko ya tofar a ɗan bokitin da aka ajiye a tsakiyar tebur. Sunaye biyu za ka fi ji. Na farko Chenin Blanc, irin inabin da aka fi shukawa a ƙasar, na biyu Pinotage, wanda Farfesa Abraham Perold na Jami'ar Stellenbosch ya samar a 1925 ta hanyar auren iri biyu, Pinot Noir da Cinsaut. Wasu gonakin suna haɗa ɗanɗanon da cuku, kamar Fairview da ke Paarl wadda ta yi suna da awakinta, wasu da cakulan, wasu da busasshen naman da suke kira biltong.

Abincin rana ana cin sa ne a gidan abincin ɗaya daga cikin gonakin ko a cikin garin Franschhoek, wani lokaci kuma a shimfiɗa a gindin itatuwa kamar yadda ake yi a Boschendal. A hanya ɗan jagora zai ba ku tarihi: cewa Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin kasuwancin Holan da ya kafa zango a Cape a 1652, shi ya rubuta cewa an matse inabin farko ranar 2 ga Fabrairu 1659, cewa Simon van der Stel, wanda ya shugabanci zangon daga baya, ya kafa Stellenbosch a 1679 ya kuma sami gonar Constantia a 1685, cewa Faransawa 'yan Furotesta da suka gudo daga tsangwamar addini sun iso a 1688 aka zaunar da su a kwarin Franschhoek. Shi kansa wannan yawo na bin gonaki ba daɗaɗɗe ba ne, a 1971 wasu manoma uku na Stellenbosch suka buɗe hanyar farko. Kamfanoni da dama suna ɗan tsayawa a ƙofar gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990, kuma akwai mutum-mutuminsa a wurin.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, idan ka cire lokacin da ake cikin mota, mafi yawan sauran yinin a teburin ɗanɗano yake ƙarewa. Duwatsu da tsofaffin gine-gine masu farin fenti da tarihi duk suna nan, amma an gina fitar ne a kan shan giya da sayar da ita. Da wannan za ka auna shawararka. Idan ka je, ka tafi da hula da ruwa, domin zafin Paarl a Fabrairu ba wasa ba ne, ko da yake Bazazzagi ba zai ji tsoronsa ba.

TAMBAYA: Ni ma'aikaciyar lafiya ce, Musulma. Abokan aikina sun ce in bi su kawai, tunda ba sha zan yi ba, za a ba ni lemon inabi. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba na so a ce na ware kaina. Yaya zan yi? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA: Malama, wannan fili ba na fatawa ba ne, amma nassoshin da suka shafi tambayarki sanannu ne, ba sai an ɓoye su ba. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta yi umarni ne da nisantar giya, wanda ya fi hana sha faɗi. Akwai hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito da ya ambaci mutum goma da aka la'anta a kan giya, ciki har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai shayarwa. Akwai kuma wanda ya hana mai imani zama a teburin da ake zagaya giya a kansa. Saboda haka shawarar abokan aikinki, ko da kyakkyawar niyya suka ba da ita, ba ta warware matsalar ba, domin teburin da za ki zauna da lemonki shi ne teburin da hadisin yake magana a kai. Haka nan mai cewa ki kurɓa ki tofar, wai tunda ba a haɗiye ba babu laifi, kada ki saurare shi. Ga duk abin da ya wuce wannan, ki zauna da malamin da kika amince da iliminsa kafin tafiya.

Ta fuskar aiki kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne barin maganar sai an zauna an jera kofuna, lokacin da ƙin karɓa yake zama abin kunya ga mai ƙi da mai zubawa baki ɗaya. Tun kina gida ki rubuta wa masu shirya taron cewa ba ki halartar ɗanɗanon giya saboda addini, ki tambaye su abin da suka tanada. Ba za su yi mamaki ba. Musulunci ya haura shekara ɗari uku a Cape Town, masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap tun 1794 yake, kuma da wuya a sami kamfanin yawo a birnin da bai taɓa jin irin wannan buƙata ba. Mai yiwuwa ma direban da zai ja ku Musulmi ne.

Daga nan hanya ta rabu. Kina iya haƙura da fitar gaba ɗaya, ki yi yinin a Tsibirin Robben ko Dutsen Table ko lambun Kirstenbosch, kuma babu wanda zai ce kin yi asara. Wasu suna bin motar amma su nemi a bar su a lambu yayin da sauran suke ɗanɗano, kuma akwai gonakin da lambunsu kaɗai ya isa a yi tattaki dominsa. Babylonstoren, wadda aka kafa a 1692, tana da babban lambun 'ya'yan itatuwa da kayan miya da ganyayen magani. A Vergelegen da ke Somerset West akwai manyan itatuwan kafur guda biyar da aka dasa tun farkon shekarun 1700 suna nan a gaban gidan. Sai dai ki sani cewa waɗannan duka gonakin giya ne, kuɗin shigarki aljihun masu gonar zai shiga, kuma akwai malaman da za su ce miki wannan ma a bar shi.

Abin da ni na fi so ga mai hali irin naki shi ne ku haɗu ku huɗu ko biyar, domin da wuya a ce ke kaɗai ce Musulma a taron, ku ɗauki ɗan jagora naku ku tsara masa hanya. Ku fara da Macassar, kusa da Faure a gefen hanyar N2, inda hubbaren Shaihu Yusuf yake. Malami ne daga tsibirin Sulawesi na Indunusiya wanda ya yaƙi Turawan Holan a Banten da ke tsibirin Java, suka kama shi suka kai shi Silan, wato Sri Lanka ta yau, sannan suka kawo shi Cape a 1694 tare da iyalinsa da almajiransa, suka ajiye shi a gonar Zandvliet, ya rasu a 1699. Na san a cikin masu karatunmu akwai masu ziyarar irin waɗannan wurare akwai kuma waɗanda ba su yi, amma tarihin wurin na kowa ne. Daga nan ku wuce Stellenbosch ku taka Titin Dorp a ƙarƙashin itatuwan oak, ku shiga gidan tarihin garin, ku yi Azahar a masallacin da ke Titin Banhoek, sannan ku haura mashigar Helshoogte ku gangara Franschhoek ku komo ta ƙofar gidan yarin Mandela. Duk duwatsu da kwaruruka da abokan aikinki za su gani, ku ma za ku gan su.

Ki kula da abu ɗaya game da abin sha. Ruwan inabi da ba a taɓa tsimawa ba, kamar Grapetiser ko wanda gonakin suke matsewa don yara, daban yake da giyar da aka tsima sannan aka cire mata barasa, wadda takan riƙe har kashi 0.5 cikin ɗari. A kwalba iri ɗaya ake zuba su, kuma ma'aikaci mai sauri yakan kira su da suna ɗaya. Ki karɓi kwalbar ki karanta da kanki, ko ki nemi shayin rooibos ki huta.

TAMBAYA: Zan je da maiɗakina da yara uku. Mu kallon gonaki da shan iska kawai muke so. Shin abincin rana da ake bayarwa halal ne, kuma ana barin yara su shiga? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

AMSA: Alhaji, ka ɗauka cewa ba halal ba ne har sai an nuna maka shaida. Hukumomin da aka fi sani da ba da takardar halal a Afirka ta Kudu su ne MJC Halaal Trust, ta majalisar malaman Cape da aka kafa a 1945, da SANHA, da NIHT, kuma gidan abincin da yake sayar da giya yake dafa naman alade ba ya samun takardarsu. Za ka ga wasu sun rubuta cewa suna maraba da masu cin halal, abin da hakan yake nufi galibi shi ne sun sayi kajinsu ko namansu daga mahauci Musulmi, amma kicin ɗin ɗaya ne, tukwanen ma ɗaya ne. Wannan ya rage naka ka duba ko ya ishe ka.

Guje wa alade shi ne mai sauƙi, domin farantin yankakken nama mai sanyi da ake kawowa tare da cuku kowa yana iya gane shi ya ture. Abin da ya fi wuya shi ne giyar da ta ɓuya a cikin girki. Romon da ake zuba wa gasasshen nama sau da yawa da jar giya ake haɗa shi, shinkafar Italiyawa mai laushi da ake kira risotto da farar giya ake soma ta, ƙullun da ake tsoma kifi kafin a soya wani lokaci da burkutun Turawa ake dama shi, kuma a kayan zaƙi akwai wani sanannen kek na Cape mai dabino da ake jiƙa shi da barandi. Saboda haka ko kifi ko ganye ka nema, ka tambaya a fili ko an sa giya a ciki, kuma ka ce a gasa maka kifin da man zaitun da lemon tsami kawai. Mafi sauƙi shi ne ka gaya wa ɗan jagora tun ranar da za ka biya kuɗi cewa a gidan abinci mai takarda za ku ci a cikin garin Stellenbosch ko Paarl, inda Musulmi suke da yawa. Kada ka dogara da guzuri, domin yawancin gonakin ba su yarda a shigo da abinci daga waje ba.

Yara kuwa ana barinsu a gonaki da yawa, doka dai ta hana ba wa wanda bai kai shekara 18 ba giya. Sai dai wasu kamfanonin ba sa ɗaukar yara a motar haɗaka, wanda wannan ma wani dalili ne na ɗaukar mota taku ku kaɗai. Tukwicin mai kawo abinci a can kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne na kuɗin, kuma ba a ɗauke shi alfarma ba, da shi ma'aikatan suke rayuwa.

TAMBAYA: Ni Kirista ne, ina ɗan taɓawa daidai gwargwado. Wanne ya fi, in bi ɗan jagora, ko in yi hayar mota in tuƙa kaina, ko in hau taragon Franschhoek da nake gani a hotuna? Daga wani injiniya a Jos.

AMSA: Yallaɓai, cire tuƙi daga lissafi. A hagu ake tuƙi a can, hanyoyin duwatsun suna da lanƙwasa, kuma iyakar doka ita ce giram 0.05 na barasa a cikin mililita 100 na jini. Ɗan abin da ake zubawa yana ruɗi. Idan aka ɗauka kowane zubi mililita 40 ne, kwalabe biyar a gonaki huɗu sun kai mililita 800, alhali kwalba guda 750 ce, kuma ƙarfin giyar yakan kai kashi 12 zuwa 14 ko fiye. Ƙwararrun masu ɗanɗano tofarwa suke yi, babu kuma wanda zai ga baikenka idan ka yi haka.

Taragon, wanda ya fara aiki a 2012 a kan tsohon layin dogo, yana da daɗi ga mai son sauka da hawa yadda ya ga dama, amma a kwarin Franschhoek da kewayensa kawai yake yawo, kuma sai ka nemi abin da zai kai ka can ya maido ka. Ga mai zuwan farko ɗan jagora ya fi. Idan ka sayi kwalba don tsaraba, a babbar jaka za ta shiga, ba a ta hannu ba, kuma ka tuna cewa idan hanyarka ta gida ta bi ta Kano ko wata jihar da ke aiki da dokar shari'a, hukuncin kwalbar ya sauya.

TAMBAYA: Ina noman inabi a Kudan. Ɗana da ke karatu a can ya ce zai kai ni wannan yawo idan na ziyarce shi. Akwai abin da manomi zai ƙaru da shi? Daga wani manomi a Jihar Kaduna.

AMSA: Akwai, Malam, amma ba a fitar da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido ba, domin ita tana wuce gona da sauri ta nufi tebur. Da farko ka sani cewa inabin giya daban ne da naka. 'Ya'yansa ƙanana ne masu kaurin ɓawo da iri, kuma manomin yakan rage yawan nonnan da gangan don sauran su yi ƙarfin ɗanɗano, alhali kai girma da kyan gani da jure tafiya zuwa kasuwa kake nema. Inabin ci, irin wanda ake fitarwa Turai, cibiyarsa kwarin Hex River ne wajen garin De Doorns, gaba da Worcester a kan hanyar N1, kuma akwai shi a kewayen Paarl. Can ya kamata ɗanka ya nema maka izinin shiga wata gona da wurin da ake tsincewa da shirya shi a kwali da sanyaya shi.

Yanayinsu ma ba naku ba ne. Ruwansu da sanyi yake zuwa, daga Yuni zuwa Agusta, itacen ya zubar da ganye ya yi barci, a yi masa aski a lokacin, ya farka da bazararsu. A Kudan babu sanyin da zai kwantar da shi, da aski da sarrafa ban ruwa kuke tilasta masa ya huta ya sake toho, saboda haka kalandarsu ba za ta yi maka aiki ba. Abin da zai yi maka aiki shi ne yadda suke ɗaure rassa a kan waya, da ban ruwa na ɗigo wanda farin 2017 zuwa 2018 ya ƙara tilasta musu, da ciyawar da suke shukawa tsakanin layuka don riƙe danshi, da kuma aure. Tun da ƙwaron phylloxera mai cin saiwa ya shiga gonakin Cape a 1886 ya yi musu ɓarna, kusan kowane itace da za ka gani an aura shi ne a kan saiwar irin Amurka mai jure ƙwaron, kuma mafi yawan dashen ƙasar daga gandun renon garin Wellington yake fitowa, kusa da Paarl. Ɗanka ya tuntuɓi kwalejin aikin gona ta Elsenburg ko cibiyar bincike ta Nietvoorbij, dukansu a Stellenbosch. Idan kuna da sarari ku biya gonar Vergenoegd ku ga garken agwagin da ake kora cikin layuka su cinye dodon koɗi maimakon a yi feshi.

Kada kuma ka yanko reshe ka saka a jaka. Shigo da dashe Najeriya sai da izinin hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi, kuma cutar da za ka ɗauko a reshe ɗaya tana iya kama gonakin maƙwabtanka duka.

TAMBAYA: Na karanta cewa bayi ne suka gina waɗannan gonaki. Shin 'yan jagora suna faɗin haka, ko kyawun wurin kawai suke nunawa? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

AMSA: Abin da kika karanta gaskiya ne, 'yata, kuma faɗinsa ya danganta da jagoran da aka samu. A 1658, shekara guda kafin a matse inabin farko, jiragen ruwa biyu suka sauke bayi a Cape, ɗaya da mutanen Angola, ɗaya da mutanen gaɓar Afirka ta Yamma. Bayan haka mafi yawansu daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya aka riƙa kawo su, kuma su ne suka share ƙasar, suka dasa inabin, suka tattake shi, suka gina gidajen da ake ɗaukar hoto a gabansu yau. A gonaki da yawa za ki ga wata 'yar farar hasumiya mai ƙararrawa a tsakar gida. Da ita ake tashin bayi aiki, kuma jagora mai gaggawa yakan wuce ta kamar ado ce. A gefen gonar Klein Constantia ma, wadda ta fito daga tsohuwar Constantia da giyarta mai zaƙi ta kai har teburin Napoleon a tsibirin Saint Helena, akwai hubbaren Shaihu Abdurrahman Matebe Shah, ɗaya daga cikin shugabannin Sumatra da Turawan Holan suka koro zuwa Cape a ƙarshen shekarun 1660.

An soke bauta a 1834, aka ci gaba da riƙe mutanen da sunan koyon aiki har 1 ga Disamba 1838. Abin da ya biyo baya bai fi sauƙi sosai ba, domin manoma sun ci gaba da biyan wani ɓangare na ladan lebura da giya, ana auna masa a gwangwani sau da yawa a yini. An haramta wannan tsari da suke kira dop a farkon shekarun 1960, amma bai mutu a wasu gonaki ba sai cikin shekarun 1990, kuma ya bar gado mai nauyi: lardin Western Cape yana cikin wuraren da aka fi samun jariran da shan giyar uwa lokacin goyon ciki ya naƙasa a duniya. A ƙarshen 2012 leburorin gonaki suka yi yajin aiki da ya faro daga De Doorns, wanda ya sa gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa rand 105 a 2013. Har yau mafi yawan ƙasar noman tana hannun Turawa, ko da yake an fara samun baƙaƙen fata masu kamfanin kansu, irin su Ntsiki Biyela mai Aslina, wadda aka sani da baƙar mace ta farko da ta zama ƙwararriyar mai haɗa giya a ƙasar.

Idan wannan ɓangare kike son gani, ki fara da gidan tarihi na Slave Lodge a tsakiyar Cape Town kafin ranar fitar. Sannan, kafin ki biya kuɗi, ki tambayi kamfanin ko za su tsaya a Pniel. Ƙauye ne da aka kafa a 1843 a matsayin tashar mishan domin 'yantattun bayi, yana da coci da ɗan gidan tarihi, kuma a kan hanyar Helshoogte yake tsakanin Stellenbosch da Franschhoek, wato motar da ta bi wannan hanya ko an so ko ba a so ta tsakiyarsa take ratsawa. Tsayawar rabin sa'a ta isa, amma sai an nema tun da wuri, domin yawancin jadawalin ba su saka ta ba.